Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ƙananan hukumomin Jigawa kan wuraren da baƙi ke zuwa gani

Masu girma shugabannin ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa,

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan Allah ya taya ku riƙo, mun rubuto ne a kan wuraren da mutane ke tasowa takanas don su gani a yankunanku: zane-zanen duwatsu na Birnin Kudu, dausayin Baturiya a Kirikasamma, tafkin Wawan Rafi a Kazaure, kasuwar dabbobi ta Maigatari, da ragowar ganuwar Hadeja. Mun san amsar da ke bakin wasunku: ai wannan ba huruminmu ba ne, na jiha ne ko na tarayya. Akwai gaskiya a ciki. Duwatsun Birnin Kudu suna ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa, dausayin Hadeja kuma, wanda Baturiya ke cikinsa, yana cikin wurare 10 da Gwamnatin Tarayya ta amince a mayar gandun daji na ƙasa a 2020. Amma ku buɗe Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999. Makewayin jama'a, tashar mota, kasuwa, ƙananan hanyoyi, wuraren shaƙatawa, allunan kan titi, wuraren sayar da abinci, har da ba kwalekwale lasisi, duk a wuyanku aka rataya su. Su ne kuwa abubuwan da baƙo ke cin karo da su tun kafin ya ɗora ido a kan abin da ya kawo shi.

Kafin a kashe ko sisi, a fara sanin wane ne baƙon. Da an ce yawon buɗe ido sai hankali ya tafi ga Bature mai gajeren wando da kyamara a wuya, daga nan sai a shiga lissafin otal da katafariyar ƙofa mai fenti. Wanda zai zo muku a zahiri daban ne. Bas ce cike da 'yan sakandare da malamai biyu. Magidanci ne daga Kano da iyalinsa ranar uku ga salla. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse ne, ko na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da aka turo aikin gani da ido, ko masu yi wa ƙasa hidima da ke neman inda za su yini ranar Asabar. Da hantsi suke zuwa, kafin magariba sun juya, wanda dare ya yi wa kuwa akwai masaukai a Dutse da Hadeja. Buƙatarsu ita ce su gane hanya, su sami inuwa da ruwa da makewayi da wurin salla, a sami mai yi musu bayani, su koma gida lafiya. Masaukin da aka gina a tsakiyar daji kowa ya san ƙarshensa: a yanke ƙyalle, bayan shekara biyu famfo ya tsaya, janareta ba mai, jemagu su tare, domin kasafi ya tanadi kuɗin gini bai tanadi na kula ba.

Mu fara da Birnin Kudu, domin a nan ne ɓarna ba ta gyaruwa. A ƙarƙashin inuwar manyan duwatsu irin su Dutsen Mesa, Dutsen Habude da Dutsen Murufu akwai zanen shanu da mutanen dauri suka yi. Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, yana cikin waɗanda suka bayyana wa duniya su a shekarun 1950, tare da duwatsu masu amo da ke kusa da su. Abin da ya kamata a nuna wa ɗalibi shi ne bayan saniyar. A cikin zanen akwai shanu masu dogayen ƙahoni amma ba su da tozo, alhali bunaji da rahajin da Fulani ke kiwo a gindin dutsen yau duk masu tozo ne. Yaro ya dubi zane, ya waiwaya ya dubi garke, ya gane da kansa cewa irin dabbar ƙasar nan ma ya sauya. Wannan darasi ya fi shafi goma na littafi zama a kai.

Launin da aka yi zanen da shi bai kai kaurin takarda ba, kuma abubuwan da ke cinye shi ƙanana ne. Na farko ruwa. Mai ɗaukar hoto ya ga zanen ya dushe, sai ya fasa ledar ruwa ya watsa don ya fito raɗau. Zai fito kuwa na minti biyar. Amma ruwan yana jawo gishirin da ke cikin dutse zuwa waje, in ya bushe ya bar farin hazo a kan zanen, kuma kowace jiƙawa da abin da take kwashewa. Na biyu hannu: gumi da maiƙo suna kama ƙura, wurin ya yi baƙi. Sai masu bin layin zane da alli, da masu rubuta sunansu da gawayi ko fenti, da yaran da ke hura wuta a kogon lokacin sanyi, hayaƙi ya turnuƙe rufin. Zanzaro yana gina ɗakinsa na laka a kan zane, gara tana jan hanyarta ta kai. Wanda ya fi dukansu haɗari shi ne mai kyakkyawar niyya. An ji babban baƙo zai zo, sai a tura leburori da omo da burushi su wanke dutse, ko wani ya kawo shawarar a ƙara wa zanen launi, ko a shafe shi da man ƙyalli don ya daɗe. Muna roƙonku da babbar murya: ko ɗakin zanzaro ne kada kowa ya kankare, ko sunan wani ne da gawayi kada a goge. A ɗauki hoto, a sanar da jami'an hukumar tarihi, su ke da masu wannan aikin.

Abin da ke hannunku shi ne tazara tsakanin hannu da dutse. Shinge mai tsawon mita 1, a nesa da zanen da mita 1.5 zuwa 2, ya wadatar. Kada a huda dutsen don kafa shi, kada siminti ya taɓa jikinsa, domin siminti ma gishiri yake fitarwa. Kada kuma a haƙa ƙasan kogon, ba a san abin da mutanen dauri suka bari a ƙarƙashinta ba. A zuba tubalan kankare a wani wuri, a kawo su a ajiye a kan ƙasa, turakun su zauna a cikinsu. A shimfiɗa tsakuwa mai kaurin santimita 5 zuwa 10 inda mutane ke tsayawa, don ƙafa ta daina tayar da ƙura. Mutum 10 a lokaci guda, sauran su jira a inuwa. Motoci su tsaya aƙalla mita 50 daga wurin. Kejin ƙarfe da ake rufe irin waɗannan wurare da shi ba mu goyi bayansa ba: yana tare gani, yana tsatsa, kuma shi kansa abin sata ne. Mai gadi ɗan unguwar, wanda albashinsa ke zuwa kowane wata, ya fi keji goma. Sau ɗaya a shekara, a wata guda, a sa'a guda, daga tsayuwa guda, a ɗauki hoton kowane zane da rula a gefensa a adana. Da haka ne za a gane in wani abu ya fara ci.

Sai masu fasa dutse. Sana'a ce, kuma gine-ginen garuruwanku da tsakuwarsu ake yi, ba mu ce a kore su ba. Amma yadda ake aikin ne matsalar: a tara itace ko tsofaffin tayoyi a cinna wuta a kan falalen dutse har ya tsage, ko a sa nakiya. Girgizar nakiya tana ɓantare fatar dutse ko da daga nesa, fatar nan kuwa ita ke ɗauke da zanen. Shawararmu, a zauna da hakimi da dagatai da shugabannin masu fasa dutse da jami'an tarihi, a kewaya wurin a ƙafa, a kafa turakun kankare duk bayan mita 50, a bar fili na mita 200 zuwa 300 da ba wuta ba nakiya, a nuna musu wasu duwatsun da za su koma. Iyakar da ke cikin fayil kawai, mai guduma bai san da ita ba. Su kuma duwatsu masu amo, waɗanda in an buga suke ƙara kamar kuge, za ku ga ƙananan ramuka masu santsi a jikinsu inda aka daɗe ana bugu. A nan kaɗai za a buga, da dutsen hannu, ɗaya bayan ɗaya. Guduma ko guntun rodi ɓantare bakin suke yi.

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, dutse kuma ya sha rana ya riƙa mayarwa. A wannan lokaci a rufe hawa daga ƙarfe 10:30 na safe har bayan la'asar. Da damina falale yana santsi, mai silifas ya tsaya a ƙasa. Jagora ya riƙa shiga gaba da sanda, saboda kububuwa da kasa suna son tsagar dutse, ƙudan zuma kuma suna kafa gida a kogo. Jifa ɗaya daga yaro mai ƙiriniya ya isa ya tarwatsa aji guda a kan gangare, faɗuwar kuwa ta fi harbin illa. In maciji ya sari wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A cire zobe ko agogo, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa mota, a nufi asibiti. Birnin Kudu ta yi sa'a, Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya tana cikin garin. Sauran wurare, jagora ya san tun kafin ranar wane asibiti ne mafi kusa da ke ajiye allurar dafin maciji.

Ga wani ɗan lissafi da ba a cika yi ba. Bas mai mutum 18, kowa na buƙatar lita 2 a rabin yini, lita 36 ke nan. Jakar ruwan leda ƙulli 20 ce, lita 10. Jaka 4 za su saya, su bar muku leda 80 a gindin dutse. Bas biyar a mako, leda 400, iska ta watsa su gonaki, shanu su haɗiye. Maganin bai wuce durom biyu da aka raba, aka huda gindinsu don kada ruwa ya kwanta, da mutum ɗaya mai kwashewa sau biyu a mako ba.

Makewayi shi ne abin da ke hana malamar makarantar 'yan mata sake kawo ɗalibanta, kuma shi ne abin da ba a son ambata a taro. Kada ku gina mai ja da ruwa inda ba famfo mai aiki kullum. Mako ɗaya ya toshe, a sa masa kwaɗo. Masai mai bututun iska ya fi dacewa. Rami mita 3, a gine bangonsa da bulo mai ramuka, domin ƙasarmu rairayi ce kuma mutanenmu da ruwa suke tsarki, ramin da ba a gine ba zai rufta. Bututu mai faɗin inci 6, baƙi, a ɓangaren da rana ke bugawa, ya zarce rufi da rabin mita, a rufe bakinsa da raga. Cikin ɗakin ya kasance da ɗan duhu. Hikimar ita ce iskar da ke wucewa ta saman bututu tana zuƙe wari, ƙudan da ya taso daga rami kuma haske yake bi, sai ya hau bututun ya tarar da raga. Abu uku ke lalata shi: magini ya buɗe babbar taga don a ga haske, wani ya sa murfi a bakin rami iska ta daina zagayawa, ko ragar ƙarfe ta yi tsatsa ta huje. A sa ragar da ba ta tsatsa, kuma duk wata a zuba bokitin ruwa ta saman bututun don ya wanke yanar gizo. Ƙofa biyu ta maza, biyu ta mata, mashigarsu ta ba juna baya, da tanki da butoci. Ya nisanci rijiya da mita 30. A yankin fadama, inda ruwa ke kusa, a kan tudu za a yi shi, a kuma ɗaga shi sama da mita 1. Rumfar zana da tabarmi da alamar alƙibla sun isa wurin salla, in an dasa darbejiya shida bana, nan da 'yan shekaru rumfar ma ta huta.

Allon ƙarfe a bakin hanya kwanansa ƙirgaggu ne, 'yan jari-bola na jiran dare. A zuba na kankare, a danna haruffan tun simintin yana ɗanye, yadda ko fenti ya koɗe rubutun na nan. Tsawon harafi santimita 15, in ana so direban da ke gudu ya karanta. Ɗaya mita 200 kafin kwana, ɗaya a kan kwanar, sannan ƙarami a duk inda hanyar burji ta rabu biyu, domin a nan ake ɓata, ba a kan kwalta ba. A rubuta suna da nisa da boko da ajami da Turanci. A kan Google Maps kuma, alamar ta nuna inda jagora ke zama da inda ake ajiye mota. In aka ɗora ta a kan zanen kansa, an nuna wa kowa hanyar zuwa ba tare da ido a kansa ba.

Baturiya lamarinta na lokaci ne. An sa ta cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, faɗinta ya haura hekta 100,000. Daga Oktoba zuwa Maris tsuntsayen ruwa ke ƙetaro Sahara daga Turai da Asiya su sauka a nan, su tarar da 'yan gida: kirinjijiya, dinya, zalɓe, jinjimi, balbela. Gauraka ta yi ƙaranci ƙwarai, kada jagora ya yi alkawarinta. Shamuwa kuwa baƙuwar damina ce, mai zuwa a Janairu ba zai gan ta ba. Disamba zuwa Fabrairu ya fi, lokacin da ruwa ya ja baya tsuntsaye suka taru a tafkunan da suka rage. A yinin ma akwai sa'o'i: daga fitowar rana zuwa ƙarfe 9, sai daga 4:30 na yamma zuwa faɗuwarta. Bas ɗin da ta iso da azahar ruwa da rana kawai za ta gani, ta koma ta ce ƙarya ake yi. Don haka duk makarantar da ta kira, a gaya mata ta kwana a Hadeja ko ta yi sammako.

Kayan aikin ba su da yawa. Dandamali na azara mai tsawon mita 2 zuwa 3, a kewaye shi da zana a bar tsaga daidai ido. A kafa shi gabas da ruwa, yadda da safe rana za ta kasance a bayan mai kallo. In aka juya shi, baƙin inuwa kawai za a gani. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 guda biyar sun ishi aji in ana karɓa-karɓa. Ƙurar hunturu ce ajalinsu, musamman in ana goge gilashin da bakin riga. A hure ƙurar tukuna, a goge da ƙyallensa, a mayar cikin jaka. A tsaya mita 100 daga garken tsuntsaye. Ba kiɗa, ba lasifika. Akwai wata sabuwar ɗabi'a ta jefa dutse don su tashi a ɗauki bidiyon TikTok. Tsuntsun da zai koma Turai da fiffikensa kitse yake tarawa, duk tashin banza ragi ne a guzurinsa, kuma inda aka cika firgita su ƙaura suke yi.

Ba za a yi maganar wannan yanki a tsallake kacala ba, wato doguwar ciyawar nan da ke mamaye ruwa. Kafin a kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin Hadeja cika yake da damina ya janye da rani. Yanzu ruwa kaɗan-kaɗan yana gudana kusan duk shekara, irin yanayin da kacala ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ya rasa, wani ya sha ambaliya, ta zama maɓoyar jan-baki da sauro. Yashe manyan hanyoyi aikin Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are ne da gwamnatin jiha. Amma buɗe layin kwalekwale mai faɗin mita 3 aikin gayya ne, in an san yadda ake yi. Ƙonawa ba ta kashe ta, yanka a saman ruwa ma aski ne kawai. Ta ganyenta take kai wa saiwarta iska, saboda haka a ƙarƙashin ruwa ake yanke ta, kamar taƙi guda, kafin ta fitar da kai, a maimaita sau biyu ko uku da tazarar 'yan makonni, saiwar ta shaƙe. A kwashe abin da aka yanka a fitar tudu, in an bar shi a ruwa shi ma toshewa zai yi.

Yanzu kwalekwale, inda rai yake. Ba mu manta da Bagwai ta Jihar Kano ba, ƙarshen Nuwamban 2021, inda jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da mutane da yawa, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Allah ya jiƙansu. Lasisin da doka ta ba ku ikon bayarwa kada ya tsaya a karɓar kuɗi. Ku zauna da sarkin ruwa a duba kowane jirgi a farkon kaka. A rubuta adadin mutanen da yake ɗauka da fenti a jikinsa. A ja jan layi taƙi guda ƙasa da bakinsa: ruwa ya taɓa layin, ba mai ƙara shiga, ko ɗan wane ne. Rigar hana nutsewa ga kowane fasinja, da ƙanana na yara, domin yaro zamewa yake ta cikin ta manya. Rana tana cinye soson da igiyoyin, a rataye su a inuwa, kuma duk shekara gwanin iyo ya sa kowace ɗaya ya faɗa ruwa a gani. Kwanon kwarfar ruwa a kowane jirgi. Ba tashi bayan faɗuwar rana. Abin da ya fi kifar da jirgin 'yan kallo shi ne wani ya ce ga shi can, kowa ya miƙe ya karkata gefe guda da waya a hannu. Matuƙi ya faɗi wannan tun a gaɓa. Kusa da tsuntsaye a kashe inji a koma filafili ko gora.

Wannan ya shafi Wawan Rafi da duk wani tafki ko dam da matasa ke cika ranar salla. A ƙara da allo a kan iyo. Ruwan da ke kwance mai ciyayi da katantanwa shi ke ɗauke da tsargiya, ta fata take shiga, kuma yaron birni ba zai ga jini a fitsarinsa ba sai bayan makonni, lokacin da ba wanda zai tuna da ranar yawo.

Jagora daga garin za a ɗauke shi. Maharbin da ya san inda dinya ke kwana da masuncin da ya san kowace hanyar ruwa sun riga sun yi rabin karatun. Abin da ya rage a koya musu shi ne taimakon farko, lissafin mutane kafin tashi da bayan dawowa, da faɗin iyakar abin da aka sani ba tare da ƙarin gishiri ba. In an tambayi shekarun zane, ya faɗi abin da jami'an tarihi suka rubuta masa, kada ya ƙirƙiro dubbai don ya burge. Jagora ɗaya ga mutum 10 zuwa 12. A sami mata biyu ko uku saboda makarantun 'yan mata da ayarin iyali. Sarkin baka ya shigo ciki tun farko: mutumin da ke samun kuɗi daga nuna tsuntsu da rai shi zai fara hana a ɗana masa tarko.

Kuɗin shiga shi ke haɗa faɗa. A rubuta farashi a allo, babba da yaro da ɗalibi da mota, kowa ya gani. Tikiti mai lamba a jere, rabi ga baƙo rabi ya zauna a littafi. In babu wannan, cikin wata uku za ku tarar da igiya uku a kan hanya, kowace da mai karɓa, baƙo kuma ba ya dawowa inda aka yi masa haka. Shawararmu a raba abin da aka samu uku: kaso ɗaya na jagorori da mai gadi, ɗaya na gyara, wato ragar masai da fenti da igiyar riguna, ɗaya na kwamitin gari ƙarƙashin dagaci, da asusun da sai mutum biyu sun sa hannu. A karanta lissafin a bainar jama'a duk wata uku. Mutanen Baturiya da kewaye da su, da noman shinkafa, da kiwo, da kaba suke ci. In abin da suka sani game da gandu shi ne hani kawai, gatarin mai gawayi zai ci gaba da cin bagaruwa da kanya ba mai cewa uffan. Masu ƙosai da fura da gasasshen kifi da masu saƙar tabarma a ware musu layi kusa da wurin ajiye motoci, kada a ɗora musu haraji a shekarar farko.

Sauran a taƙaice. Maigatari ranar Alhamis ba ta buƙatar a ƙawata ta, raƙuma da shanun da ke shigowa daga Nijar sun isa kallo. Wurin ajiye mota daban da na manyan motocin dabbobi, da ɗan rakiya da dillalai suka sani, wanda zai nemi izini kafin a ɗaga kyamara, shi ke nan. A Hadeja, inda Sarki Muhammadu Mai Shahada ya faɗi a yaƙi da Turawa a 1906, abin da ya rage na ganuwa maƙiyansa biyu ne: masu ɗibar ƙasar gini da ruwan da ke kwanciya a gindinta. A hana ɗiba, a karkatar da ruwa, a yi yaɓe da ƙasa irin tata kafin damina. Kada a yi mata filasta da siminti; danshi zai maƙale a ciki, wata rana ɓawon ya faɗo da rabin bangon.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsuntsaye Oktoba suke fara sauka, saboda haka riguna da alluna da dandamali a watan Satumba ya kamata a ce sun kammala, masai kuwa da rani ake haƙa shi. Agusta da Satumba hanyoyin fadama kan yanke, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta 2022. A sanar cewa an rufe, ya fi a bar bas ta kafe da 'ya'yan mutane. Kowace ƙaramar hukuma ta aika wa makarantun sakandare takarda mai shafi ɗaya a farkon zango: watannin zuwa, sa'o'i, farashi, abin da za a taho da shi, da lambar waya ɗaya da ake ɗauka. A wurin mai gadi kuma a ajiye littafi mai bango mai ƙarfi da biro ɗaure da zare, da gurabe biyar: kwanan wata, daga ina, mutum nawa, ta yaya suka ji labari, me ya ba su wahala. Kansilan mazaɓar ya riƙa sa hannu a ƙarshen kowane wata. Duk wanda ya zo muku da takardar kwangilar gina masauki ko ƙofa, ku ce ya dawo bayan littafin ya cika shekara.

Wassalam.

Daga wasu malaman tarihi da labarin ƙasa da masu raka baƙi,
Jihar Jigawa.